Shekara 14 bayan aikin laka, yanzu kunne da tafiya: ko akwai alaƙa?

Autar Baba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Mahaifinmu an yi masa aikin cire ƙari a laka shekara 14 da suka wuce, can ƙasa wajen ƙugu. Aikin ya yi kyau, ya miƙe, ya koma bakin aikinsa. Shekara biyar yana zuwa ana duba shi, daga nan suka sallame shi gaba ɗaya. Mun ma manta da zancen, sai in ya tuɓe riga ka ga tabon.

To yau wajen shekara uku ke nan kunnensa ya fara nauyi. Na hagu ne ya fara, na dama ya biyo baya. Ba wai ba ya jin sauti ba ne. In na yi magana zai waiwayo, ya san ni ce, amma sai ya ce, "Auta, ina jin muryarki, kalmomin ne ba sa rabuwa." An sayo masa na'urar ji, ya ce hayaniya kawai take ƙara masa. Bara kuma tafiyarsa ta sauya, yana wara ƙafafu kamar wanda ke tsaye cikin kwale-kwale. Da dare in zai shiga banɗaki sai ya bi bango da tafin hannu, har wurin ya yi dauɗa daidai tsayin kafaɗarsa. Makon jiya wayar wuta ta ƙone a ɗakin da yake zaune, duk gidan mun ji ƙauri, shi bai ji komai ba.

Likitan kunne ya ce tsufa ne. Shekarunsa 61. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin aikin nan na da zai iya janyo wannan, ko ni ce ke haɗa abin da bai haɗu ba?

Baban Gida:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma 'yata, ina ƙugu ina kunne? Shekara 14 fa kika ce. Ciwon da aiki zai bari ai tun a gadon asibiti ake ganinsa. Mutum ya haura 60 kunne ya yi nauyi ba sabon abu ba ne, kuma wanda ba ya ji sosai dole tafiyarsa ta yi rauni. Ku bi maganar likitan kunnen, kada ku ɗaga wa dattijo hankali.

Nas Mai Ritaya:
Sannu da jinya, Auta. Kafin a tafi nesa a fara da na kusa. An auna sukarinsa? An duba bitamin B12 a jininsa? Ƙarancinsa kaɗai na sa mutum tangaɗi, musamman cikin duhu. Sannan ki tuna ko an taɓa yi masa allurar jentamaisin ko sitiraftomaisin na kwanaki da yawa, don waɗannan suna iya lalata ji da daidaiton tafiya a tare. Na ga irinsa da idona ba sau ɗaya ba.

Amma rashin jin ƙaurin nan ya tsaya mini a rai. Wannan ba na kunne ba ne.

Autar Baba:
Inna Nas, an auna sukari lafiya lau. B12 ma an duba watan jiya, sun ce daidai yake. Allurai kuwa tun bayan aikin ban san an yi masa wata mai tsawo ba, kuma ni ce ke riƙe da katinsa.

Likitan Jijiya:
Ƙanwata, ba zan iya gane ciwon mutum ta rubutu ba, kuma ko wa ya ce miki zai iya kada ki yarda. Amma abubuwa ukun da kika lissafa, ji da ke raguwa a kunnuwa biyu, tangaɗi, da ɓacewar jin wari, a jikin mutumin da aka taɓa buɗe masa rigar laka, sun isa a ce a yi hoton ƙwaƙwalwa. Da girmamawa ga Baba da ya yi magana a sama, ƙugu da kunne suna da hanyar da ta haɗa su.

Ƙwaƙwalwa da laka cikin ruwa ɗaya suke zaune, a cikin jaka ɗaya mai kauri da muke kira dura. Ruwan bai wuce kimanin mililita 150 ba, amma jiki na samar da kusan mililita 500 kowace rana, wato kullum cikin sabuntawa da zagayawa yake, daga kai zuwa ƙarshen gadon baya, ya koma. Duk abin da ya zuba cikinsa a ƙasa zai kai sama. In za a cire ƙarin da ke cikin jakar nan dole a tsaga ta, a gama a ɗinke. Galibin mutane wurin yana warkewa sumul. A wasu 'yan kaɗan wani ɗan gurbi yana saura, ko ruwan ya kumburo ya yi 'yar jaka a bayan ɗinkin, kuma a bakin wurin akwai ƙananan jijiyoyin jini masu rauni da ke tsattsafo jini kaɗan-kaɗan. Jinin bai kai a ji ciwo ba, bai kai a suma ba, ɗigo ne yau, ɗigo gobe, shekara da shekaru. Wani lokacin kuma ba ɗinkin ba ne, ragowar ƙarin ne ko wanda ya sake tsirowa yake zubar da jinin.

Jini na ɗauke da sinadarin ƙarfe. In ƙwayoyin jinin suka fashe cikin ruwan, ƙarfen sai ya riƙa kwanciya a saman ƙwaƙwalwa da laka kamar yadda tsatsa ke kama ƙarfe, yana cin ƙwayoyin jijiya a hankali. Sunan ciwon sidarosis na saman ƙwaƙwalwa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, wadda ke daidaita tafiya, da jijiyar ji, da jijiyar jin wari. Jijiyar ji tana shan wahala ne saboda doguwar tafiyar da take yi tsamo-tsamo cikin ruwan nan kafin ta shiga ƙashin kunne. Shi ya sa mai ciwon kan ce yana jin sauti amma ba ya fahimtar magana: kunnen na karɓa, wayar da ke kai saƙon ce ta lalace. Na'urar ji kuwa ƙara sauti kawai ta iya.

Ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, ina so a riƙe wannan. Wani likita mai suna Hamill ne ya fara bayyana shi a Amurka a 1908, kuma shekaru da dama akasari sai bayan mutum ya rasu ake ganewa. Zuwan MRI ne ya sa ake ganinsa da rai.

Baban Gida:
Ikon Allah. Likita, na janye maganata. Ban taɓa sanin ruwan ɗaya ba ne.

Autar Baba:
Likita, jikina ya yi sanyi. Amma an yi masa hoton kai shekara biyu da suka wuce, na CT, suka ce babu komai.

Likitan Jijiya:
CT ba ya nuna shi yadda ya kamata. MRI ake so, kuma ba kowane salon ɗauka ba. Akwai salon da ke jin ƙarfe sosai, ana kiransa SWI ko T2 mai tauraro. A cikinsa tsatsar na fitowa kamar an zagaye ƙwaƙwalwa da baƙin alƙalami. Layin siriri ne, yana bin gefen ƙwaƙwalwa daidai, shi ya sa mai karanta hoton zai iya wuce shi in ba a gaya masa abin da ake nema ba. Ki tabbata an rubuta a takardar neman hoton cewa an taɓa yi masa aiki a cikin dura, da shekarar da aka yi. In an ga wani abu a kai, sai a ɗauki laka gaba ɗayanta, daga wuya har ƙasa, a nemo inda jinin ke fitowa. Ku ga likitan jijiya ko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Sannan, kin san sunan ƙarin da aka cire?

Autar Baba:
Na tono takardun yanzu. An rubuta efendimoma, da wata doguwar kalma a gabanta mai farawa da "mikso".

Likitan Jijiya:
Miksofafilari efendimoma ke nan. Yana fitowa ne a ƙarshen laka, wajen zaren da ke riƙe ta a ƙasa, kuma yana cikin ƙarukan da aka sani da zubar da jini. An daɗe ana ɗaukarsa mai sauƙin hali, amma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shi daga mataki na 1 zuwa na 2, saboda an lura yana iya dawowa ko ya bazu cikin ruwan laka. Wannan ƙarin dalili ne na a sake duba bayan.

Mai Faɗin Gaskiya:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sallamar nan. Ka buɗe bayan mutum, ka san akwai abin da zai iya tasowa bayan shekara goma, sai ka ce masa "je ka, ka warke"? Wannan sakaci ne, a kira shi da sunansa. Yayana ma haka aka yi masa. Da ya koma da ciwo bayan shekara shida suka ce ba su ga fayil ɗinsa ba, wanda ya yi aikin kuma ya bar wurin. Sai da muka yi ta yawo kamar marasa galihu. In ɗinki ya bar rami, laifin wa? Ba na mai ɗinkin ba?

Nas Mai Ritaya:
Malam, ɓatan fayil laifi ne, ban musa ba, kuma ina taya ku baƙin ciki. Amma maganar ɗinki ka yi a hankali. Na tsaya a ɗakin tiyata na shekaru, na ga yadda ake rufe dura: ɗinki ƙanana ƙanana da zare siriri, a gama a sa mai ba da maganin barci ya ƙara matsin numfashi don a ga ko ruwa zai tsattsafo, wani lokacin a ɗora faci, a shafa gam na tiyata. Duk da haka naman wani ba ya kamawa kamar na wani. Wanda aka yi wa aiki sau biyu a wuri ɗaya, ko aka yi masa gashin cutar kansa da na'urar ƙona ƙari a wurin, durarsa ba ta da ƙwarin ta wanda ba a taɓa ba. Ba kowace matsala ce ke da mai laifi ba.

Mai Faɗin Gaskiya:
Na ji, Inna. To bayanin fa? Me zai hana a gaya wa mutum abin da zai sa wa ido?

Likitan Jijiya:
A nan kam ina tare da kai, ko da bai yi wa abokan aikina daɗi ba. Ba za a iya lissafa wa marar lafiya duk wani abu da ka iya faruwa ba, wasu ma likitan zai yi aiki har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba. Amma jimla ɗaya ba ta da tsada: duk wani sabon abu na jijiya da ya taso, ko bayan shekara 20 ne, ko a ina yake a jiki, ka faɗa wa likitan da ka je wurinsa cewa an taɓa yi maka aikin laka. Mu ma muna da namu. Likitan kunne kunne yake dubawa, da wuya ya ce tuɓe riga in ga bayanka, marar lafiya kuma ba ya ganin dalilin ambaton tsohon aiki a ɗakin duba kunne. A tsakanin nan ake rasa shekaru.

Mai Jiran Aiki:
Don Allah ku tsaya. Ni wata mai zuwa za a yi mini aikin nan, a tsakiyar baya. Tun da na fara karanta wannan zancen hannuna ke rawa. Ƙafata ta dama ce kawai ke ja, har yanzu ina tafiya da kaina. Anya ba gara in haƙura da abin da nake da shi ba, da in je in sayo kurumta?

Mai Sanda:
Ƙanwata, bari ni in amsa miki, don ni abin ya faru a jikina, ba labari aka ba ni ba.

An yi mini aiki a wuya shekara 11 da suka wuce, ƙarin yana cikin lakar kanta. Kafin aikin na kai ba na iya sa maɓallin riga. Bayan aikin na samu shekara shida lafiya, ina rubutu, ina tuƙi. A shekara ta bakwai wata rana na ɗauki kofin ƙarfe da ruwan zafi a ciki na riƙe ina magana, sai matata ta yi ihu ta fizge shi. Da na duba tafin hannuna ya tashi, ni kuwa ban ji komai ba. Abin mamakin shi ne in ka shafa hannun ina jin shafawar sarai, zafi da sanyi da tsinin allura ne kawai suka ɗauke. Daga baya naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya fara zaizayewa, wurin ya lotsa.

Da aka yi hoto aka ga tabon aikin ya manne lakar da jikin dura, ruwa ya kasa wucewa yadda ya saba, sai ya taru a tsakiyar lakar ya yi dogon rami. Siringomayeliya suka kira shi. Aka sake buɗewa, aka ɓamɓare mannewar, aka faɗaɗa wurin da faci. Hannun bai dawo yadda yake ba, har yau da gwiwar hannu ta ɗaya ɓangaren nake gwada ruwan wanka, kuma ina riƙe sanda. Amma abin ya tsaya inda yake.

To ki saurare ni. Da za a mayar da ni ranar da na sa hannu a takardar aikin farko, ina sane da duk wannan, zan sake sa hannu. Ƙarin da ke danne laka ba ya tsayawa don kin haƙura. Ƙafar da ke ja yau ita ce ke gaya miki inda aka dosa. Abin da nake nadama ɗaya ne: wata takwas na yi ina jin hannun na sagewa ina cewa kwanciya ce na yi a kansa.

Mai Jiran Aiki:
Yaya, na gode. Na yi kuka da na karanta, amma na ji sauƙi.

Likitan Jijiya:
Ba ni da abin da zan ƙara a kan maganar Mai Sanda sai kaɗan. Aikin nan ba sabo ba ne. Tun 1887 Victor Horsley ya cire ƙari daga laka a Landan, bayan William Gowers ya gano inda yake ta hanyar duba marar lafiya kawai, babu hoto, kuma mutumin da ƙafafunsa suka shanye ya tashi ya yi tafiya. Yau ana aikin da madubin ƙara girma, ana kuma sa ido kan saƙon jijiyoyi yayin da ake yi. Mafi yawan waɗanda aka yi wa ba sa haɗuwa da ko ɗaya daga abin da muke zance. Kuma yadda mutum ya shiga ɗakin aiki yana da tasiri sosai a kan yadda zai fito: wanda ya shiga yana tafiya da ƙafarsa ya fi wanda ya jira har ya zauna samun sakamako mai kyau. Ki kai tsoronki wurin likitanki, ki tambaye shi kai tsaye wane irin ƙari yake zato, da yadda za a riƙa bibiyarki bayan aiki. Ranar sallama kuma ki karɓi kwafin bayanin aikin da sakamakon gwajin ƙarin, ki ɗauke su a waya ki adana.

Nas Mai Ritaya:
Likita, ka ga abin da nake gudu ke nan. Irin wannan zance a fili yana iya korar mutum daga aikin da zai cece shi. Yau Allah ya sa ta yi magana an ba ta amsa. Nawa ne suka karanta suka yi shiru suka fasa?

Likitan Jijiya:
Inna, damuwarki gaskiya ce, kuma kin fi ni daɗewa a bakin gadon marasa lafiya. Sai dai ki dubi ɗaya gefen. Mahaifin Auta shekara uku yana rasa ji. In abin da nake zato ne, jin da ya tafi ba ya dawowa. Shirun ma yana da nasa waɗanda yake cutarwa, ba a dai ganinsu ne.

Nas Mai Ritaya:
Ban ce a ɓoye ba. Na ce a riƙa faɗa tare da faɗin cewa abin ba ya yawan faruwa, a kuma maimaita. Mutum mai tsoro kalma ɗaya yake ji cikin goma.

Uwar Yaro:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗana an yi masa aiki a wuya yana shekara 7, yanzu yana 12. Malaminsu ne ya fara lura cewa kansa na sunkuyawa gaba, ni da nake ganinsa kullum ban lura ba. Ba ya kukan ciwo. Wannan ma cikin irin abubuwan ne?

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, wannan ya fi waɗancan yawa a yara, kuma an san shi sosai. Don a kai ga laka ana cire murfin ƙashin da ke bayanta, tare da ɗaga naman da ke riƙe wuya. Babba ƙashinsa ya gama ƙwari, amma yaro yana kan girma, sai ginshiƙin ya riƙa lanƙwasowa gaba a hankali, musamman a wuya, kuma ya fi sauri lokacin da yaro ya fara harbin tsayi. In lanƙwasar ta yi yawa lakar kan miƙe a kanta kamar igiya a kan gungume. Shi ya sa ake bibiyar yara da hoton ƙashi har su gama girma. Ku koma wurin masu aikin a yi hoto yana tsaye. Kada a kai shi wurin mai murɗa wuya ko mai ja, kuma ni kaina ba zan ba shi motsa jiki ba sai na ga hoton. In kika ga abu na faɗuwa daga hannunsa, ko rubutunsa ya lalace, ko yana tuntuɓe, kada a jira ranar da aka ba ku.

Uwar Yaro:
Na gode, Malam. Gobe zan kira su.

Baban Gida:
Likita, tambaya ɗaya. Ni bayan aikina an yi mini gashi da na'urar ƙona ƙari. Wata uku da gamawa, in na sunkuyar da kai sai in ji kamar wutar lantarki ta bi bayana har ƙafa. Ya ɗauki watanni ya daina da kansa. Yau shekara tara. In damu?

Likitan Jijiya:
Ranka ya daɗe, wannan alamar Lamit ce, sunan wani likitan Faransa. Bayan gashi takan zo cikin watannin farko ta wuce da kanta, kamar yadda taka ta yi. Akwai wani lahanin gashi na daban mai tsanani da kan zo daga baya, galibi daga wata shida zuwa 'yan shekaru, da raunin ƙafafu da sagewa da ke ƙaruwa, amma da yadda ake auna gashi yanzu ba kasafai ake ganinsa ba. Shekara tara babu komai, ka kwantar da hankalinka.

Tunda an zo nan, akwai abubuwan da ba a kwana da su, ga duk wanda aka taɓa yi wa aikin laka. Fitsari ya riƙe, ko yana zubowa ba da saninka ba, ko ka daina jin tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafa ta yi rauni cikin kwana ɗaya ko biyu: wannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa. Ciwon kan da ke tashi in ka miƙe ya lafa in ka kwanta kuma yana nuna ruwan laka na yoyo ta wani wuri, shi ma a duba.

Autar Baba:
Likita, yayata ta ce mu daina ba shi maganin ƙarin jini tunda ƙarfe ne matsalar. Kuma yana shan asfirin kullum saboda zuciya. Mu dakatar?

Likitan Jijiya:
A'a, kada ku dakatar da komai da kanku. Ƙarfen da ke kwanciya a ƙwaƙwalwa ba daga abin da mutum ke ci ko sha yake zuwa ba, daga jinin da ya zuba cikin ruwan ne. Asfirin kuwa tambaya ce mai kyau, amma likitan zuciyarsa da likitan jijiya ne za su auna tare, bayan an ga hoto. Ba a ma tabbatar da ciwon ba tukuna.

Autar Baba:
'Yan zaure, na dawo bayan mako biyar. An yi MRI na kai da na baya gaba ɗaya. Likitan ya juyo mini da kwamfutar ya nuna mini da bakin biro: baƙin layi siriri ya zagaye ƙwaƙwalwar ƙeya, ya bi cikin kowane lungu nata, ya gangaro jikin laka. A wurin tsohon aikin kuma akwai jakar ruwa a bayan ɗinkin. Ƙarin bai dawo ba, alhamdu lillahi. Za a yi wani hoton da ake zuba ruwan rini a cikin ruwan laka don a ga daidai inda ramin yake, sannan a shiga a rufe shi.

Ya gaya mana gaskiya bai ɓoye ba. Ya ce manufar aikin a tsayar da jinin, ba a dawo da jin da ya tafi ba, kuma ko bayan an rufe abin na iya ɗan ci gaba saboda ƙarfen da ya riga ya kwanta. Ya ambaci wani magani, defarifron, mai janye ƙarfe, amma ya ce sai an yi shawara.

Na rubuta wa Baba komai a takarda da manyan baƙaƙe don ya karanta da kansa. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Ashe ba tsufa ba ne." Ban san ko daɗi ya ji ko akasin haka ba.

Mai Sanda:
Daɗi ya ji, ƙanwata, ko bai nuna ba. Ranar da aka nuna mini ramin da ke lakata na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Mai Faɗin Gaskiya:
Shekara uku ana ce masa tsufa. Har yanzu ban huce ba. Amma Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri, Auta.

Likitan Jijiya:
Sannu da ƙoƙari. Game da defarifron: asalinsa maganin waɗanda ƙarfe ya taru a jikinsu ne saboda yawan ƙarin jinin da ake yi musu, kuma an gwada shi a wannan ciwon don yana iya shiga ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a kansa a nan ƙanana ne, sakamakon kuma ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Babban haɗarinsa yana iya karya fararen ƙwayoyin jini farat ɗaya, shi ya sa ake auna jinin mai shansa a kai a kai, da farko kowane mako, kuma in zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zo a dakatar a tafi asibiti nan take. In ba za ku iya riƙe wannan awon ba, ku faɗa wa likitan tun kafin a fara. Ki kuma tambayi masu kunne game da na'urar da ake dasawa a cikin kunne. Wasu masu wannan ciwon sun amfana da ita, wasu ba su amfana sosai ba, tunda jijiyar ce ke da rauni, don haka sai an gwada shi an gani.

Mai Gashin Ƙashi:
Kafin ranar aikin ku gyara masa hanyar banɗakin nan. A sa fitila da za ta kwana a kunne, a kafa ƙarfen riƙewa a bangon da yake bi, a ɗauke duk shimfiɗar da ke zamewa. Wanda ƙwaƙwalwar ƙeyarsa da jijiyar kunnensa suka yi rauni da ido yake tafiya, in duhu ya yi sai ya rasa madogara. Faɗuwa ɗaya a yanzu za ta iya ɗaga aikin gaba ɗaya.

Nas Mai Ritaya:
Kuma in za ku yi masa magana ku tsaya a gabansa inda haske ke faɗa wa fuskarku, ku yi a hankali, ba da ihu ba. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Tunda ba ya jin ƙauri, a sa na'urar gano hayaƙi mai walƙiya a ɗakinsa, ba mai ƙara kaɗai ba.

Autar Baba:
To Inna, za a yi. Fitilar ma na sa tun daren jiya. Hoton rinin ranar Talata ne da safe, sun ce zai kwanta na wasu awanni bayan an gama, ni zan zauna da shi.